Tambaya da Amsa: Mun Kai Karnukanmu Bakin Teku Bayan Mutuwar Uwarsu, Ruwan Sama Ya Tsare Mu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce, muna zaune a Bahra, tsakanin Makka da Jidda, kuma kakanninmu Hausawa ne da suka iso ƙasar nan ta Sudan tun zamanin da ake zuwa aikin Hajji a ƙasa. Maigidana yana da garken tumaki da awaki a bayan gari, kuma wata karya ta yi shekara 12 tana gadinsa, har muka bar biyu daga cikin 'ya'yanta suna aikin tare da ita. A watan jiya ta daina cin abinci, ta rame, jini ya riƙa fita ta hancinta, kafin a kai ta wurin likita ta mutu. Ɗana mai shekara 11, wanda shi ne yake kai musu abinci duk ranar da babu makaranta, ya shiga damuwar da ban taɓa ganinsa a cikinta ba. Da hutu ya zo, mahaifinsa ya ce mu tafi Shu'aiba mu sha iskar teku ko yaron zai sake, aka bar makiyayi da garken, aka ɗauko karnukan biyu a bayan mota domin yaron ya ƙi yarda a bar su. Tun daga daren farko hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, muka ƙare hutun a cikin ɗaki, karnukan suna ƙarƙashin rumfa, yaron yana zaune kusa da su yana yi musu magana. Idan ruwan ya tsagaita sai su fita gefen teku su dawo a jiƙe.

Yanzu mun dawo gida. Surukata ta ce abin kunya ne ɗan Musulmi ya yi wa kare kuka, kuma ruwan da ya ɓata mana tafiya alama ce cewa ba a yarda da abin da muka yi ba. Ɗaya daga cikin karnukan kuma ya ƙi abinci tun dawowarmu, maigidan yana cewa kewar uwarsa ce. Ina tambaya: shin mun yi laifi? Mene ne hukuncin tufafin yaron da jiƙaƙƙun karnuka suka goga? Sannan ya tambaye ni ko zai ga karyar nan a Aljanna, na rasa abin da zan ce masa.

Daga wata uwa a Bahra

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya ba yaron haƙuri, ya mayar muku da alheri. Zan fara da abin da ba ki sa a gaba ba, domin shi ne ba zai jira ba: ku kai karen da ya ƙi abinci wurin likitan dabbobi a wannan makon, ku haɗa da ɗan'uwansa ko da lafiyarsa ƙalau take a ido.

Maganar maigida ba ta rasa tushe. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2022, wanda aka yi a Italiya ta hanyar tambayar mutum 426 da suka rasa kare ɗaya alhali suna da wani, ya nuna cewa kashi 86 cikin ɗari sun ga canji a halin karen da ya rage, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku sun ce ya rage cin abinci. To amma alamomin da kika lissafa a kan uwarsu, wato ƙin abinci da ramewa da fitar jini ta hanci, sun yi kama ƙwarai da wata cuta da kaska ke yaɗawa a tsakanin karnuka a ƙasashe masu zafi, wadda likitoci ke kira Erlikiya. Cutar tana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, shi ya sa haɓo yake zuwa, kuma tana iya lafawa a jikin kare watanni da yawa ba tare da an lura ba kafin ta kwantar da shi. Karnukan da suka kwana wuri ɗaya kaska ɗaya ce take cizonsu. Ba na cewa lallai ita ce, domin tsohuwar karya tana iya yin haɓo saboda wani dalili na daban, amma gwajin jini ne kawai zai raba gardama, kuma idan an kama cutar da wuri akan magance ta da ƙwayoyin da ake ba kare na kimanin mako huɗu.

Ita kanta tafiyar ta ƙara wasu abubuwan da ya kamata ki faɗa wa likita. Ruwan Bahar Maliya ya fi na yawancin tekuna gishiri, domin yana kai kimanin giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin na sauran tekuna giram 35 ne, kuma karen da ya sha shi da yawa yakan yi amai da zawo har jikinsa ya bushe. Ruwan da ya kwanta bayan ambaliya yakan ɗauki ƙwayar cutar da ke fita ta fitsarin ɓera, wadda take taɓa ƙoda da hanta, kuma tana kama mutum kamar yadda take kama kare, saboda haka yaron ya riƙa wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa su. Ku tuna kuma ko an zuba musu ragowar shinkafa da nama irin su kabsa ko mandi a kwanakin hutun, domin albasa da zabibi da muke sawa a shinkafa guba ne ga kare, dafaffen ƙashi kuma yakan tsage ya soki hanji. Kafin ku isa asibiti, ku ɗaga leɓensa ku duba dasashi: idan ya koɗe ya yi fari, ko ya yi rawaya, to kada ku kwana. Kada kuma a ba shi Panadol ko Brufen daga kwabar gida, domin abin da yake sauke wa mutum zazzaɓi yana iya lalata wa kare hanta ko ya huda masa ciki.

Yanzu ga batun laifi. Karen garke yana cikin waɗanda shari'a ta halatta a riƙe da nassi ƙarara, domin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da raguwar ladan mai ajiye kare ya keɓe karen kiwo da na farauta da na gona. Saboda haka riƙon karyar nan ba abin da za a nemi uzuri a kansa ba ne, kuma ciyar da ita shekara 12 aikin lada ne. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa har Allah ya gafarta masa, sahabbai sun tambaye shi ko akwai lada a kan dabbobi, sai ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Ɗanki ya yi shekaru yana ɗaukar kwano zuwa garke a cikin zafin Tihama, wato yankin gaɓar Bahar Maliya, kuma wannan aikin ne ya haifar da shaƙuwar da yanzu take masa ciwo. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma ba su ce sai sabo da ɗan Adam kaɗai ba.

Akwai abin da ya fi wannan kusa da halin da yaronki yake ciki. Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, yana da ƙane da ake wa alkunya da Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. A wata ruwayar an bayyana cewa tsuntsun ya mutu, Manzon Allah ya shigo ya ga yaron cikin baƙin ciki, ya tambayi dalili aka faɗa masa, sai ya riƙa ce masa, ya Abu Umair, me ɗan tsuntsu ya yi? Ki lura da abin da ya faru a nan, Hajiya. Mutumin da yake ɗauke da nauyin al'umma gaba ɗaya ya lura da fuskar ƙaramin yaro, ya tambaya, ya kira shi da alkunyarsa kamar babban mutum, sannan ya ambaci tsuntsun da bakinsa maimakon ya ce a daina maganarsa. Ban ga yadda za a karanta wannan hadisin sannan a ce wa ɗan shekara 11 hawayensa abin kunya ne ba. Abin da addini ya hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da furta kalmar fushi da hukuncin Allah, kuma ya hana su ko a mutuwar uwa da uba. Hawaye da nauyin zuciya kuwa, shi kansa Manzon Allah ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Surukarki uwa ce, kuma a ganina tsoro ne yake magana a bakinta. Ta girma ne a gidan da kare ma'aikaci ne a waje, tana kuma ganin yadda wasu suke kwaikwayon al'adar kwana da kare a gado, tana fargabar jikanta zai bi wannan hanyar. Fargabar tana da wurin zama, domin hadisi ya inganta cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare a cikinsa, kuma kun kyauta da kuka bar karnukan a ƙarƙashin rumfa ba ku shigar da su ɗaki ba duk da ruwan da ake yi. Kada ki yi musu da ita a gaban yaron. Ki bar maigida, wanda shi ne ɗanta, ya zauna da ita ya tabbatar mata cewa iyakar tana nan ba ta gusa ba, sannan ya roƙe ta ta daina kunyata yaron, domin yaron da aka yi wa dariya a kan tausayinsa yakan koyi ɓoye shi, wani lokacin ma ya koyi jifan abin da yake tausayi a da domin ya nuna ya girma.

Maganar cewa ruwan alama ce ta rashin yarda, wannan ba zan lallaɓa ta ba, kuskure ce. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, sai Manzon Allah ya miƙe ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi domin mutuwar wani ko rayuwarsa. Idan sama ba ta canza tafiyarta saboda ɗan Annabi ba, hadarin Shu'aiba bai haɗu saboda motarku ba. Wannan gaɓar tekun tana samun ɗan ruwanta ne a lokacin sanyi, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu, akasin ƙasar Hausa inda damina take zuwa bayan bazara, kuma kun je ne a daidai lokacinsa. Sunna a kan ruwa ita ce a ce Allahumma sayyiban nafi'an, wato a roƙi Allah ya sa ya zama mai amfani, har ma Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya yaye wani sashe na tufafinsa domin ruwan ya taɓa jikinsa. Wurin da kuka je ma yana da tarihin da ya dace a ba yaro: Shu'aiba ita ce tashar jiragen ruwan Makka kafin Halifa Usman ya mayar da ita Jidda, kuma daga nan ne Musulmin farko suka shiga jirgi zuwa Habasha.

Ban kuma yarda cewa tafiyar ta ɓaci ba. Kun tafi ne da niyyar yaron ya manta, kuma da rana ta fito, wataƙila da an cika kwanakin da iyo da gasa kifi da hotuna, ya yi dariya a gabanku ya ajiye damuwar sai dare. Ruwan ya hana wannan, ya bar shi zaune kusa da halittu biyu da suka san karyar nan kamar yadda ya san ta. Yaro ba ya iya zama ya zayyana baƙin cikinsa kamar babba, yakan fitar da shi ne ta hannu da ta zama kusa da abin da ya rage. Abin da zan so ki lura da shi yanzu shi ne barcinsa da cin abincinsa da karatunsa. Idan suna dawowa a hankali, to ku bar shi ya ambace ta duk lokacin da ya ga dama, ku ma ku ba shi labarin daren da ta kori ɓarayi ko ranar da ta dawo da ɗan akuyar da ya ɓata, idan akwai irin wannan. Ki kuma bincika a hankali ko yana ɗora wa kansa laifin mutuwar, domin yaran da ke kula da dabba sukan yi zaton da sun lura da wuri da ba ta mutu ba; ki gaya masa a fili cewa wannan nauyin ba nasa ba ne. Idan kuwa makonni suka wuce yana ƙara janye jiki, ko ya daina zuwa makaranta, to ku gana da likitan yara. Ranar da za a kai karnukan asibiti, ku tafi da shi, ya riƙe igiya, ya ji bayanin likita da kunnensa.

Batun tufafi ya danganta da mazhabar da kuke bi. A wurin Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa suka tashi a kanta, duk mai rai tsarkakakke ne har da kare, jikinsa da guminsa da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bauta ce da aka yi umarni da ita ba don najasa ba. A wurin Shafi'iyya da kuma mashahurin zancen Hanbaliyya, wadda ta fi yaɗuwa a ƙasar nan, kare najasa ne, kuma abin da ya taɓa da danshi sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Hanafiyya, da kuma Ibn Taimiyya, sun tsaya a tsakiya: gashin tsarkakakke ne, yawun ne najasa. Sallolin da yaron ya riga ya yi a kan fahimtar Malikiyya babu ramuwa a kansu. Shawarata ita ce a ware masa riga ɗaya ta zuwa garke, ya cire ta idan ya dawo, domin ya fita daga saɓani ya kuma tsaya a sahun masallacin unguwa ba tare da wani ya tsarge shi ba.

Tambayarsa ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma kada ki amsa ta da abin da ba ki da hujja a kansa don kawai ya yi shiru. Abin da ya tabbata shi ne za a tara dabbobi ranar alƙiyama, kamar yadda aya ta 38 ta Suratul An'am ta nuna bayan ta kira su al'ummomi irinmu, kuma Muslim ya ruwaito cewa za a rama wa tunkiya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. Malaman tafsiri da yawa sun kawo, a ƙarshen Suratun Naba'i, cewa bayan wannan hisabin dabbobi za su koma ƙasa. Ya kuma tabbata a Suratu Fussilat, aya ta 31, cewa 'yan Aljanna suna da duk abin da rayukansu suke marmari da duk abin da suka nema. Saboda haka za ki iya ce masa da gaskiya: karyar ba ta cikin azaba, Allah bai manta da ita ba, ba a zalunce ta ba, kuma wanda ya shiga Aljanna ba zai nemi wani abu a hana shi ba, ba zai kuma ji kewar komai ba. Yadda Allah zai cika wannan alkawarin nasa ne, ki tsaya a nan.

TAMBAYA: Malam, ni saurayi ne a Yanbu, ina da karnukan farauta irin na Saluki. Babban cikinsu, wanda na taso da shi, ya mutu da tsufa. Abokaina suna shirin mu kafa tanti a bakin teku a arewacin gari a wannan sanyin, wani kuma ya ba ni ɗan kwikwiyo mai wata biyu don ya maye gurbinsa. Shin in tafi da kwikwiyon da sauran karnukan, ko da an ce za a yi ruwa?

Daga wani matashi a Yanbu

AMSA: Ƙanena, Allah ya ba ka haƙuri. Kwikwiyon ka bar shi a gida wurin wanda zai kula da shi, domin ɗan wata biyu bai gama karɓar alluran rigakafinsa ba, waɗanda akan kammala a wajen mako 16, kuma cutar Parvo mai sa zawon jini tana zama a ƙasa watanni tana jiran irinsa. Ka karɓe shi idan kana da lokacin horar da shi, amma kada ka auna shi da ma'aunin wanda ya mutu, domin wancan shekaru ne suka gina shi.

Game da ruwa, abin tsoro a gaɓar nan ba wanda yake zuba a kanka ba ne. Kwaruruka suna gangarowa daga duwatsun Hijaz zuwa teku, kuma ruwan da ya sauka a kan dutse nesa da kai yana iya isowa ta busasshen kwari alhali inda kake ko yayyafi ba a yi ba. Mutanen Jidda ba su manta da 25 ga Nuwamba 2009 ba, ranar da ambaliya ta ci rayuka fiye da 100, kuma a 24 ga Nuwamba 2022 an auna milimita 179 a kudancin birnin cikin 'yan sa'o'i. Ku duba sanarwar Cibiyar Hasashen Yanayi ta Ƙasa kafin ku tashi. Idan ta ba da jan gargaɗi ku ɗage tafiyar. Idan kun tafi, ku kafa tanti a kan tudu nesa da bakin kwari, kada ku ratsa ruwa mai gudu da mota, kuma ku riƙe lambar jami'an kare fararen hula, 998.

Saluki ba shi da kitse kuma gashinsa gajere ne, saboda haka idan ya jiƙe iska ta buge shi sanyi yakan kama shi da sauri. Ka tafi da tsohon bargo da tawul, ka goge musu jiki da cikin kunne bayan kowace fita, ka ɗauraye musu gishiri da ruwan daɗi, ka kuma riƙa ba su ruwan sha tun kafin ƙishirwa ta kai su ga na teku. Bayan hadari igiyar ruwa takan watso matattun kifaye, ciki har da kifin nan mai kumbura wanda gubarsa take kashe kare, don haka ka riƙe su da igiya a gefen ruwa. Riƙe su da igiya yana da wani amfanin a yankinku: Ras Baridi, arewa da Yanbu, wuri ne da kunkurun teku ke hawowa su binne ƙwai a rairayi, kuma kare yana tone irin wannan ramin cikin ɗan lokaci. Ka kuma tambayi masu gadin gaɓa ko an yarda a kwana da karnuka a wurin da kuka zaɓa, kuma idan akwai niyyar farauta a tafiyar, sai da izinin Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa da kuma cikin lokacin da ta buɗe.